Biro da takarda a gaban Allah: tambayoyin da ake yawan yi kan rubutu a matsayin ibada

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama. Tun da muka fara maganar rubutu a matsayin ibada a nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa tambayoyi suke ta zuwa, wasu a bakin coci bayan an tashi sujada wasu kuma ta waya da dare, kuma yawanci iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su waje guda. Abun da nake so ya fito fili shi ne, biro yana tilasta mutum ya rage gudu ya faɗa wa Allah gaskiya, kuma Kiristoci sun daɗe da gane haka.

Malam, wai rubutu ma ibada ne? Mu dai addu'a da azumi da waƙa muka sani.

Ba kowane rubutu ba. Lissafin kuɗin cefane ba ibada ba ne. Amma in ka zauna da niyyar kana gaban Ubangiji, ka rubuta masa abun da ke ranka ko ka kwafe maganarsa a hankali kana bimbini a kai, to addu'a kake yi, hannu ne kawai ya karɓi aikin baki.

Ka lura da yadda muke addu'a da baki, musamman mu da muka tashi a coci, kalmomin sun riga sun zauna mana a harshe, za ka iya yin minti goma kana "Uba madawwami, mai iko duka, mun gode maka" alhali hankalinka yana kan kuɗin haya. Biro ba ya yarda da wannan. In ka rubuta "na gafarta wa ƙanena" ka ga jimlar a gabanka, nan take zuciyarka za ta ce maka anya? Sai ka tsaya, wata kila ka soke ka rubuta "ina so in gafarta masa amma har yanzu abun na cina". Wannan jimla ta biyun ita ce addu'ar gaskiya. Zuciyar mutum kaman ruwan gulbi ne da aka ɗebo da damina, sai an bar shi a randa ya kwanta kafin a ga abun da ke ƙasa, to zaman rubutun nan shi ne barin ruwan ya kwanta.

Akwai shi a Littafi Mai Tsarki kuwa, ko dai al'adar Turawa ce aka kwaso?

Akwai sosai. A Maimaitawar Shari'a 17:18-19 an ce duk sarkin da ya hau gadon sarauta a Isra'ila ya rubuta wa kansa kwafin shari'a, ya riƙa karantawa duk tsawon ransa don ya koyi tsoron Allah. Sarki fa, mai magatakarda da bayi. Habakuk 2:2 Allah ya ce wa annabin ya rubuta wahayin a kan alluna ɓaro-ɓaro yadda mai karantawa zai karanta a guje. Ishaya 38 daga aya ta 9 rubutun sarki Hezekiya ne bayan ya tashi daga ciwon da ya kusa kashe shi, ka karanta ka ji, mutum ne yake tuna tsoron da ya ji da yadda aka cece shi. Bulus yana kurkuku ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafai, musamman ma fatun rubutu, 2 Timoti 4:13.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Irmiya 36. Irmiya yana faɗa Baruk yana rubutawa, aka kai wa sarki Yehoyakim littafin yana zaune yana jin ɗumin wuta lokacin sanyi, da an karanta ɗan sashe sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta har littafin ya ƙare ƙurmus. Me Allah ya ce? Ɗauki wani ka sake rubutawa. Suka sake, har da ƙari a kan na farkon.

Zabura kuma ai addu'o'i ne 150 da wasu suka rubuta, da ba su rubuta ba da me za mu riƙa karantawa a bakin gadon marar lafiya?

To bayan zamanin manzanni fa, su wa suka riƙe abun?

Abun da mutane da yawa ba su sani ba, manyan misalan farko daga Afirka suke.

A shekara ta 203 a birnin Kartej, kusa da Tunis ta yanzu, an kama wata matashiya mai suna Perpetua saboda bangaskiyarta, shekarunta wajen 22 tana da jariri tana shayarwa. A kurkuku ta rubuta abun da ke faruwa da ita, duhun wurin da zafi da cunkoso, damuwarta kan jaririn, yadda mahaifinta ya riƙa zuwa yana roƙonta ta janye, da mafarkan da ta yi. Ta yi rubutu har zuwa jajibirin ranar da za a jefa su ga namun daji, sannan ta ce abun da zai faru a filin, wanda ya so ya rubuta. Wani ne ya ƙarasa labarin. Yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da muke da su daga hannun mace Kirista.

A Masar akwai Antoni, wanda ake ɗauka uban 'yan zuhudu na hamada, ya rasu a 356. Atanasiyus bishop na Iskandariya da ya rubuta tarihinsa ya ce Antoni yana ba almajiransa shawara kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da motsin zuciyarsa kaman zai nuna wa ɗan'uwansa, don kunyar ganin abu a rubuce za ta hana shi aikatawa. Ka ga dabara ce mai sauƙi kuma har gobe tana aiki.

Sai Agustin, an haife shi a 354 a ƙasar da yanzu take Aljeriya, ya zama bishop na Hippo wato Annaba ta yau. Wajen shekara ta 397 zuwa 400 ya rubuta littafinsa na ikirari, kuma daga farko har ƙarshe da Allah yake magana, "kai" yake cewa, mu masu karatu 'yan saurare ne kawai a gefe. Har satar 'ya'yan itace da suka yi da abokansa yana ɗan shekara 16 sai da ya zauna ya tone ta, yana tambayar kansa me ya sa ya yi tunda ba yunwa yake ji ba.

Kwafe aya da hannu fa, meye amfaninsa tunda ga Littafi bugagge ga shi a waya?

Kafin injin buga littafi ya zo Turai wajen 1450 dole ce ta sa ake kwafewa, wannan gaskiya ne. Amma masu yin aikin ba su ɗauke shi aikin dole kawai ba. A ƙarni na 6 wani tsohon babban jami'in gwamnati mai suna Kasiyodoros ya kafa gidan zuhudu a kudancin Italiya inda kwafe littattafai ya zama babban aikinsu, ya ce duk kalmar Ubangiji da marubuci ya kwafe rauni ne ya yi wa Shaiɗan. 'Yan zuhudun Kartusiya a Faransa, waɗanda yawancin rayuwarsu shiru ne kowa a ɗakinsa, dokarsu ta ƙarni na 12 cewa ta yi tunda ba za su iya wa'azi da baki ba to za su yi da hannu.

A Habasha har yau akwai masu wannan aiki. Ana jeme fatar akuya a kankare ta har ta yi laushi, a ja layuka da tsinke, a fiƙe alƙalamin gora, baƙar tawada daga kunkunniya da ƙaro, sannan ga jar tawada a gefe wadda ake ajiyewa don sunan Allah da na Maryamu da tsarkaka. Wato duk inda marubuci ya iso sunan Allah sai ya canja alƙalami ko ya bar gurbi ya dawo ya cike da ja, ba dama ya wuce sunan nan a guje. A gidan zuhudu na Abba Garima kusa da Adwa akwai littattafan Bishara da suka haura shekara 1,300 kuma har yanzu suna wurin.

Ignatiyus na Loyola, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuit ta Katolika, shi ma ta nan ya fara. Soja ne, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona ta ƙasar Sifen a 1521, yana kwance yana jinya ya samu littafi ya riƙa kwafe abun da ya taɓa shi, maganar Yesu da jar tawada ta Maryamu da shuɗiya, har kusan shafi 300.

Kuma ba a daina ba ko da injin ya zo. A 1998 'yan zuhudun Benedik na Saint John's a jihar Minnesota ta Amurka suka ba wani gwanin rubutun hannu mai suna Donald Jackson aikin rubuta Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da hannu a kan fata, shi da tawagarsa ba su gama ba sai 2011.

Kai dai gwada. Ɗauki Zabura 23 da ka haddace tun kana makarantar Lahadi ka kwafe ta, za ka ga a aya ta 4 Dawuda ya daina cewa "shi" ya koma "kai", daidai lokacin da ya shiga kwarin inuwar mutuwa. Ido yana tsallake irin wannan, hannu ba ya tsallakewa.

Wannan ba daidai yake da rubutun sha ko laya ba?

Tambaya ce mai kyau don a ƙasar Hausa muke, mun tashi muna ganin allo da tawada a gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kuma gaskiya akwai abun koyi a yadda suke girmama rubutu da haƙurin da almajiri ke yi a kan allonsa. Amma abun da nake magana a kai daban ne. A wurinmu ba a cikin tawadar ko takardar ikon yake ba, ba a wankewa a sha, ba a naɗewa a rataya. Amfanin yana cikin abun da maganar ke yi a zuciyarka lokacin da kake rubutawa da kuma biyayyar da za ka yi bayan ka rufe littafin. Wannan gargaɗi har da mu, don na san akwai Kiristocin da ke buɗe Zabura 91 su sa a ƙarƙashin matashi ba tare da sun karanta ba. Karanta ta, rubuta ta, yi addu'a da ita.

Ta ina zan fara?

Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mai ganye 40 ko 60 ya isa, kar ka jira sai ka samu mai tsada don tsadar ma takan sa mutum ya ji tsoron ɓata shi. Rubuta kwanan wata a sama. Karanta ɗan guntun nassi, aya biyar zuwa goma, ka kwafe wadda ta tsaya maka. A ƙarƙashinta ka rubuta abun da ka gani a ciki, sannan ka juya ka yi wa Allah magana kai tsaye a kan abun, sannan ka ajiye biron ka yi shiru na ɗan lokaci. Wannan tsari kusan shi ne wanda wani ɗan zuhudu mai suna Gigo ya bayyana a ƙarni na 12, matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sai natsuwa a gaban Allah. Biron yana taimakawa ne a ukun farko, na huɗun ba ya buƙatar komi.

Da dare kuma akwai binciken zuciya irin wanda Ignatiyus ya koyar: me zan gode wa Allah a kai yau, a ina na ji kusancinsa, a ina na kauce, me nake roƙo don gobe. Layi huɗu ma sun isa.

Akwai kuma hanya ta uku da iyayenmu na zumuntar mata suka fi mu iyawa. Akwai wata mama a cocinmu, littafinta duk ya sha manja a gefe bangon ya rabu ta ɗinke da zare, ta ja layi a tsakiyar kowane shafi, hagu sunan mutum da abun da ake roƙo dama kuma ranar da amsa ta zo. Wasu gurabun an cike bayan sati biyu, wasu bayan shekaru da wani kalar biro daban, wasu har yau fili ne kuma ba ta soke su ba. In an ce a ba da shaida ba ta kame-kame, buɗewa kawai take yi.

Ban yi nisa a boko ba, rubutuna ba kyau, kuma Turancina ba ƙarfi.

Ba mai makin jarrabawa a nan. Rubuta da harshen da kake kuka da shi, Hausa ne ko yaren gidanku ko gauraye. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Dakta Walter Miller na Zariya suka sha wahala a kai shekara da shekaru, don dai kar a ce sai da harshen wani za ka ji Allah. In kuma ba ka iya rubutu ba sam, ka tuna wasiƙar Romawa ma Bulus faɗa ya yi Tartiyas ya rubuta, yana nan a 16:22. Jikanka zai iya zama Tartiyas ɗinka.

Ya halatta in rubuta fushi ko ƙorafi ga Allah?

E. Buɗe Zabura 13, "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyun farko. Zabura 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba ko kaɗan, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi. Mu da muka ga rikici, muka binne mutane, wasunmu sun bar gidajensu da gonakinsu ba shiri, in muka ce dole kowace addu'a ta fito da murmushi to za mu koya wa mutane yi wa Allah ƙarya ne. Ka rubuta yadda abun yake. Sharaɗi ɗaya nake bayarwa, ka rubuta wa Allah ne, kar ka koma rubuta labarinsa a bayan idonsa, muddin kana cewa "kai" to har yanzu kana cikin addu'a ko da muryarka na rawa.

In na rubuta zunubaina wani ya ɗauka ya karanta fa?

Wannan damuwa ce ta gaske, a gidan da mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya ba maganar sirri. John Wesley, wanda ya assasa ɗarikar Methodist, shi ma littafinsa na sirri da wasu alamomi da gajerun baƙaƙe ya riƙa rubutawa don kar kowa ya gane. Kai ma ka yi dabara, harafi ɗaya a maimakon suna, ko ka rubuta a falle daban ka yi addu'a a kai ka ƙona. Sirrin wani kuwa da ya ba ka amana kar ka rubuta shi da sunansa ko kaɗan, musamman ku fastoci da dattawa da shugabannin zumunta.

Sannan rubutu ba ya maye gurbin zuwa neman gafara wurin wanda ka ɓata wa. 'Yan'uwa Katolika kuma sun san ba ya maye gurbin zuwa ikirari wurin fada, shiri ne kawai.

A waya zan iya yi?

Za ka iya, da babu gara ba daɗi. Amma ni takarda nake ba da shawara, don a waya kana tsakiyar jimla saƙon WhatsApp zai faɗo, kuma gogewa ta yi sauƙi da yawa, alhali jimlar da ka soke da biro tana nan kana ganinta kuma sau da yawa ita ce mai gaskiyar.

Zan iya sa abun da na rubuta a Facebook don ya ƙarfafa wasu?

Wani lokaci, amma ba da wuri ba. Yesu ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, Matiyu 6:6. Da zarar ka fara rubutu kana tunanin masu danna laik to mai sauraronka ya canja, za ka fara gyara kanka kana zaɓen kalmomi masu daɗi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa a intanet.

Ka duba waɗanda rubutunsu ya amfani duniya, da yawansu ba su nemi a karanta su ba. Tereza ta Abila, 'yar zuhudu a ƙasar Sifen, umarni aka ba ta ta rubuta littafinta kan addu'a a 1577. Tereza ƙarama ta Lisiyo a Faransa ita ma shugabar gidan zuhudunsu, wadda yayarta ce, ta umarce ta a 1895, ta rubuta a littafin 'yan makaranta, ta rasu a 1897 tana da shekara 24 ba ta ga an buga ba. Shawarata ka raba littafi biyu, na ɗaki da na waje, abun da ke na ɗaki ya kwana biyu sosai kafin ya fita, kuma ka nuna wa wani babba a bangaskiya tukunna.

Wani lokaci ina rubutu sai in ji kaman Allah ne ke ba ni kalmomin. In ɗauka maganarsa ce?

A hankali a nan ɗan'uwa. Allah yana iya tuna maka da aya, ya tsawata maka, ya ta'azantar da kai kana cikin rubutu, ban musa ba. Amma littafinka ba Littafi Mai Tsarki ba ne. 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Duk abun da ya saɓa wa nassi ka watsar, duk abun da ya shafi babban mataki kaman aure ko barin aiki ko zargin wani da maita, kar ka motsa sai ka kai wa fastonka ko wani dattijo mai hankali. An raba gidaje da "Allah ya nuna mini" kuma abun yana da ciwo. Ya fi aminci ka rubuta "ina jin kaman Ubangiji yana nuna mini" ka sa kwanan wata, ka bar lokaci ya gwada shi.

Ba zai sa mutum ya cika duban kansa ba?

Zai iya. David Brainerd, mai bishara a cikin 'yan asalin Amurka da ya rasu a 1747 yana da shekara 29, littafin da yake rubuta rayuwarsa ta yau da kullum ya zuga masu bishara da yawa, amma mai wa'azi Jonathan Edwards da ya buga shi a 1749 da kansa ya ce mutumin yana da halin faɗawa cikin baƙin ciki. In ka duba shafukanka ka ga sati da sati ba komi sai laifinka da rashin cancantarka, to ka koma kwafe nassi da rubuta godiya da roƙo don wasu. In kuma nauyin ya kai ba ka barci ba ka cin abinci ko kana tunanin cutar da kanka, rufe littafin ka nemi mutum, fasto da likita duka biyun, yau ba gobe ba.

Na fara na daina, na sake farawa na sake dainawa.

Buɗe shafi na gaba ka sa kwanan watan yau. Ba bashi ba ne, ba sai ka rama kwanakin da suka wuce ba.

In littafin ya cika me zan yi da shi?

Kafin ka ajiye, ka ware yamma ɗaya ka karanta shi daga farko, da jan biro a hannu kana sa alama duk inda addu'a ta samu amsa. Wesley ya rubuta yadda Allah ya taɓa zuciyarsa a wani taro a titin Aldersgate na Landan ranar 24 ga Mayu 1738 har da lokacin, wajen tara saura kwata na dare, kuma saboda ya rubuta ne ya iya komawa ya auna abun daga baya. Ƙarshen shekara kafin sujadar tsallakawa lokaci ne mai kyau na wannan karatu.

Bayan haka ka rubuta shekarar a bango, ka sa a leda ka ajiye a akwatin ƙarfe saboda gara da danshin damina. Shafukan da suka taɓa sirrin wasu ka cire ka ƙona tun kana da rai. Sauran kuma ka yanke shawara tun yanzu, a bar wa 'ya'ya ne ko a ƙona, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi a gidan.